Shiru Ma Magana Ce: Tarihin Tauraron da Ba Ya Buɗe Baki a Wasannin Bidiyo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa nazarin ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo ya san cewa da baki ake gane halin tauraro. Abin da ya faɗa, da yadda ya faɗe shi, da wanda ya faɗa wa, su ne ke nuna mana ko jarumi ne ko rago, mai wayo ne ko wawa. Ko Gizo na tatsuniya, in aka raba shi da tsamin bakin nan nasa da ƙaryar da yake shirgawa, me ya rage masa?

To, amma akwai wata sabuwar hanyar ba da labari da ta zo da abin da ya saɓa wa wannan ƙa'ida, watau wasan bidiyo, wanda matasa ke kira gem. A cikin irin wannan wasa sau da yawa sai a tarar kowa yana magana, sarki da bafade, ɗan kasuwa da maroƙi, amma shi babban tauraro, wanda mai wasa ke sarrafawa, ba ya cewa uffan tun daga farko har ƙarshe. Wannan ya jawo muhawara mai tsawo tsakanin masu tsara wasannin da masu buga su. Wasu na ganin shirun nan shi ke bai wa mai wasa damar ya ji cewa shi ne a cikin labarin. Wasu kuwa na ganin gurguntaka ce da aka gada daga zamanin da na'urori ba su da ƙarfi, kuma ya kamata a ce an yar da ita tuntuni.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin al'amarin tun daga tushe, domin mu ga yadda shirun ya samo asali, da dalilin da ya sa har bayan an sami halin ba kowane tauraro murya, wasu suka ƙi karɓa.

Zamanin Tilas

Wasannin farko ba su da tauraro balle a yi zancen bakinsa. Spacewar!, wanda aka tsara a jami'ar MIT ta Amurka a 1962, jiragen sama jannati biyu ne kawai suna harbin juna. Pong, wanda kamfanin Atari ya fitar a 1972, sanduna biyu ne da ɗigon ƙwallo a tsakaninsu.

Labari ya fara shigowa ne ta hanyar rubutu. A 1976 wani Ba'amurke mai suna Will Crowther ya tsara Colossal Cave Adventure, wasan da babu zane ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta ce ke rubuto wa mai wasa inda yake tsaye da abin da ke gabansa, tana kiransa da "kai", shi kuwa sai ya rubuta umurni na kalma ɗaya ko biyu, kamar ya ce a nufi gabas ko a ɗauki fitila. A nan babu wani tauraro da ya shiga tsakani. Mai wasa da kansa ne a cikin kogon. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin daga nan ne tunanin cewa "tauraro kai ne" ya faro.

Da murya ta fara shiga na'urorin wasa, ba tauraro aka fara ba ita ba. A Berzerk na 1980, mutum-mutumin ƙarfen da ke farautar mai wasa su ne ke magana, har suna yi masa gorin tsoro in ya gudu ya bar musu ɗaki. Shi kuwa ɗan mutumin da ake sarrafawa, gum. Dalili ɗaya a fili yake: wurin ajiya a cikin na'ura ya yi kaɗan ƙwarai. Gaba ɗayan Super Mario Bros. na 1985, da zanensa da kiɗansa da dukkan matakansa, kilobait 40 ne. Hoto ɗaya da ake ɗauka da wayar hannu ya ninka wannan sau da yawa. A irin wannan ƙunci, ina za a sami wurin zuba muryar mutum?

Shirun Ganganci

Da a ce ƙarancin wuri ne kaɗai dalili, da maganar ta ƙare a nan. Amma abin da ya faru a Japan daga 1983 zuwa 1986 ya nuna cewa akwai wani abu dabam.

A 1983 wani matashi mai suna Yuji Horii ya tsara wasan binciken kisan kai da aka fi sani da Portopia. Mai wasa shi ne babban jami'in bincike, ba a ganinsa, ba a kuma jin ta bakinsa. Mataimakinsa, Yasu, shi ke yi wa mutane tambayoyi, ya kawo masa rahoto. Sai can a ƙarshe ta bayyana cewa Yasu ɗin nan, wanda ya zame wa mai wasa baki da kunne, shi ne ya yi kisan. Ashe tun a wancan lokaci Horii ya gane cewa shirun tauraro makami ne a hannun mai ba da labari.

A 1986 kamfanin Enix ya fitar da Dragon Quest, shi ma aikin Horii. Da fara wasa sai a nemi mutum ya rubuta sunansa, da wannan suna kuwa sarki zai riƙa kiransa. Kaset ɗin kilobait 64 ne, har sai da aka rage yawan baƙaƙen rubutun Japan da aka yi amfani da su don wuri ya isa. Duk da haka sarki yana magana, gimbiya tana magana, mutanen gari kowa da abin da zai ce. Tauraro kaɗai aka bari da "i" ko "a'a". Wani lokaci amsar tana da nauyi, kamar inda babban abokin gaba ya yi masa tayin rabin duniya, wanda in ya karɓa ya halaka. Wani lokaci kuwa zaɓin na jeka-na-yi-ka ne, kamar inda gimbiya ta tambaye shi ko yana sonta, in ya ce a'a ta yi ta maimaita tambayar har sai ya ce i. Abin lura shi ne, a ƙarshen wasan tauraron ya buɗe baki, ya ƙi karɓar gadon sarautar da aka miƙa masa, ya ce zai je ya nemi tasa ƙasar. Wannan ya isa hujja cewa da an so ya yi ta magana tun farko, da ya yi. Horii ya sha bayyana cewa da gangan ya rufe masa baki, domin mai wasa ya ɗauka shi ne.

A wannan shekara ce kuma kamfanin Nintendo ya fitar da The Legend of Zelda ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. Sunan tauraron Link, kalmar da a Turanci ke nufin abin da ya haɗa abu biyu, shi ya sa da yawa ke fassara sunan da cewa shi ne mahaɗi tsakanin mai wasa da duniyar wasan. Shi ma ana iya sake masa suna, shi ma ba ya magana. Wannan tafarki ne Chrono Trigger na 1995 da Pokémon na 1996 suka bi.

Sai dai kada a ɗauka kowa ya bi. A The Secret of Monkey Island na 1990, aikin Ron Gilbert, tauraron Guybrush ɗan surutu ne na ƙin ƙarawa, har ma faɗan takobi a wasan da ba'a da mayar da martani ake cinsa. A Final Fantasy IV na 1991 kuwa, tauraron Cecil mayaƙi ne da ke tuhumar umurnin sarkinsa, yana nadamar jinin da ya zubar. Duk da rubutu aka yi waɗannan. Ke nan tun kafin zuwan murya, hanya ta riga ta rabu biyu: tauraron da aka ɗinka kamar riga don mai wasa ya sa, da tauraron da aka gina a matsayin mutum mai zaman kansa, wanda mai wasa zai raka.

Zuwan Murya

Faifan sidi shi ya kawar da uzurin ƙarancin wuri. Faifai ɗaya na ɗaukar kimanin megabait 650, watau ya ninka kaset ɗin Mario sau fiye da 16,000. Nan da nan kamfanoni suka shiga ɗaukar 'yan wasan kwaikwayo suna ara wa taurari murya.

Gwajin farko a kan Link bai yi armashi ba. A 1993 aka fitar da wasannin Zelda biyu a na'urar CD-i ta kamfanin Philips, bisa izinin Nintendo amma ba da hannunsa ba. A ciki Link ya yi magana, kuma maganar ta zame abin dariya ga masu wasa shekara da shekaru. Nintendo bai lissafa su cikin tarihin jerin wasannin ba. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Yaron da kowa ya sawwara halinsa yadda yake so a zuci, da ya buɗe baki sai ya zama mutum ɗaya tak, mutumin kuwa bai yi wa jama'a ba.

A fagen wasannin harbi ma hanya biyun ta bayyana. Sojan Doom na 1993 ba shi da suna ba shi da magana, sai fuskarsa a ƙasan allo tana nuna irin jikkatar da ya yi. Tauraron Duke Nukem 3D na 1996 kuwa cika-baki ne sana'arsa.

Shekarar 1998 ita ce ta fi dacewa a tsaya a kanta, domin a cikin watanni uku aka fitar da wasanni uku da kowannensu ya amsa tambayar ta hanyarsa. A watan Satumba Hideo Kojima ya fitar da Metal Gear Solid, inda tauraron Solid Snake ke doguwar hira ta rediyo da abokan aikinsa a kan makaman nukiliya da makomar soja, kamar dai a silima. A watan Nuwamba kamfanin Valve ya fitar da Half-Life. Tauraronsa Gordon Freeman masanin kimiyya ne a wata cibiyar bincike, yana da suna da sana'a da abokan aiki masu gaishe shi, amma bai taɓa amsawa ba. Masu tsarawar sun ɗaure kansu da sharaɗin cewa ba za a taɓa ɗauke kallo daga idanun Freeman ba, duk abin da ya faru a gaban mai wasa zai faru. A cikin watan ne kuma Nintendo ya fitar da Ocarina of Time, inda aka bai wa Link kuwwa da nishi in yana faɗa, amma aka hana shi kalma, aka haɗa shi da wata 'yar aljana mai suna Navi da ke yi masa bayani da tuni.

Wannan dabara ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san fada. In talaka ya faɗi ya yi gaisuwa, ba lalle ne sarki ya amsa da bakinsa ba, fadawa ne za su ce sarki ya gaishe ka, kuma kowa ya san an amsa. Haka abin yake a nan. Rufe bakin tauraro ba ya rage yawan maganar da labari ke bukata, sai dai ya mayar da ita bakin na kusa da shi. Yasu, da Navi, da Alyx ta Half-Life 2 na 2004, wadda har tsokanar Freeman ta yi a kan ƙarancin maganarsa, duk aikin bafade suke yi. Inda bafaden ya iya aikinsa, sai shirun ya zama kwarjini. Inda ya cika surutu, sai mai wasa ya gundura da su duka biyun.

Shekarun Buɗe Baki

Daga 2001 sai iska ta kaɗa wajen masu murya. Tauraron Grand Theft Auto III na 2001 bai ce kome ba, ko sunansa ba a ambata a wasan ba. Shekara ɗaya bayan haka, a Vice City, sai kamfanin Rockstar ya ɗauko shahararren ɗan wasan Amurka Ray Liotta ya zama muryar Tommy Vercetti. Jak na Jak and Daxter ya yi shiru a 2001, ya yi magana a 2003. Isaac Clarke na Dead Space ya yi shiru a 2008, ya yi magana a 2011.

Muryar ta zo da nata matsalolin. Final Fantasy X na 2001 shi ne na farko a jerinsa da aka sa wa muryoyi, amma aka bar wa mai wasa damar sake wa tauraro suna. Sakamakon haka, duk tsawon labarin babu wanda ya furta sunansa, har da yarinyar da yake so. A 2007 kamfanin BioWare na Kanada ya gwada haɗa zaɓi da murya a Mass Effect: mai wasa zai zaɓi gajeren bayani na abin da yake so a ce, sa'an nan Kwamanda Shepard ya faɗi cikakkiyar maganar. An yaba da dabarar, amma ta haifar da sabon ƙorafi, domin wani lokaci mutum zai zaɓi abin da ya ɗauka lallashi ne, sai ya ji tauraronsa ya yi gatse.

A daidai wannan lokaci wasu suka mai da shirun kansa jigon labari. A BioShock na 2007, tauraron yana bin umurnin wata murya ta rediyo ba tare da ya taɓa musu ba, kamar yadda aka saba. Sai a tsakiyar labari aka bayyana cewa tun yana ƙarami aka hore shi ya bi duk umurnin da aka haɗa da wata kalmar roƙo ta ladabi. Tambayar da wasan ya jefa wa mai wasa ita ce, kai da kake ta bi ba ka taɓa tambayar dalili ba, me ya raba ka da shi? A Portal 2 na 2011 kuwa raha aka yi da abin: an nemi tauraruwar, Chell, ta faɗi kalma ɗaya, allo ya nuna maɓallin da za a danna don yin magana, da aka danna sai ta yi tsalle.

Babban darasi ya zo ne a 2015 da Fallout 4 na kamfanin Bethesda. Tun daga 1997 an san jerin Fallout da jera wa mai wasa cikakkun jimloli ya zaɓi wadda ta dace da halin da ya ƙaga wa kansa. A wannan karo sai aka bai wa tauraro murya, namiji da mace, kowannensu ya ɗauki layin magana fiye da 13,000. Lissafin a bayyane yake: duk zaɓin da aka ƙara, sai an biya mutum biyu sun faɗe shi a ɗakin ɗaukar murya. Sai zaɓi ya tsaya a huɗu a kowace gaɓa, kuma sau da yawa huɗun wuri ɗaya suke kaiwa. Bugu da ƙari, muryar ta mahaifi ce ko mahaifiya mai neman ɗan da aka sace, don haka wanda ya so ya zama ɗan fashi marar imani sai ya ji bakinsa yana saɓa wa aikinsa. Shugaban aikin, Todd Howard, ya amsa a 2016 cewa tsarin hirar bai yi nasara kamar sauran sassan wasan ba. Da kamfanin ya fitar da Starfield a 2023, sai ya mayar da tauraro shiru.

Inda Aka Kwana

Kada wannan ya sa a zaci shiru ne ya yi galaba. Akwai labaran da ba za su yiwu ba sai da baki. A ƙarshen The Last of Us na 2013, Joel ya kashe mutane don ya ceci yarinyar da ya riƙa kamar 'yarsa, sa'an nan ya dube ta ya yi mata ƙarya, har da rantsuwa. Ba a tambayi mai wasa ra'ayinsa ba. Ƙarfin wurin ya dogara ne a kan cewa Joel wani mutum ne dabam, mai tarihinsa da rauninsa, wanda za ka iya ƙin abin da ya yi alhali kuwa da hannunka aka yi. Tauraro marar baki ba zai iya yin wannan ƙarya ba.

Abin da ya sauya shi ne, shirun ya zama abin da sai an kawo masa hujja. A Breath of the Wild na 2017 an bai wa Gimbiya Zelda da sauran manyan taurari murya, aka bar Link yadda yake, amma aka ajiye bayani a littafin sirrin gimbiyar cewa nauyin da aka ɗora masa da idon jama'a da ke kansa ne suka sa ya zaɓi ya haɗiye abin da ke ransa. Da aka sabunta Dead Space na farko a 2023, an bai wa Isaac murya bisa sharaɗin cewa zai yi magana ne in an yi masa, ko kuwa inda shirun zai zama abin mamaki. Baldur's Gate 3, wanda ya lashe manyan kyaututtuka a 2023, ya bar zaɓin maganar tauraro a rubuce, ya zuba muryoyi a bakin abokan tafiyarsa.

Shi kansa Horii, a wata hira a 2024, ya yarda cewa al'amarin yana ƙara wuya. A zamanin da tauraro ɗan ƙaramin zane ne marar fuska, mai wasa ne ke cike giɓin da tunaninsa. Da zane ya kai ga nuna ƙiftawar ido da motsin leɓe, mutumin da aka gaya wa mummunan labari ya tsaya ƙiƙam ba ya ko motsi sai ya yi kama da wawa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa shirun tauraro ya faro ne da tilas, amma tun 1986 ya zama zaɓi, kuma zuwan faifan sidi bai kashe shi ba. Tambayar da tarihin ya nuna ta fi muhimmanci ita ce, wane ne wannan tauraro? In riga ce aka ɗinka don mai wasa ya sa, to, duk kalmar da aka cusa masa tana rage wa rigar faɗi, kamar yadda Fallout 4 ya nuna. In kuwa mutum ne mai zaman kansa irin Snake ko Joel, hana shi magana tauye labari ne. Yawancin tuntuɓen da aka yi, an yi shi ne inda masu tsarawa suka kasa tsai da shawara a kan wannan, suka nemi su ci riba biyu.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi duk wanda ke buga waɗannan wasanni alhali harshensu ba nasa ba ne. A cikin dukkan taurarin da muka ambata, babu wanda aka ba muryar Hausa. Wanda ya yi magana, da Turanci ko Japananci ko wani babban harshen kasuwa ya yi ta, kuma da ya buɗe baki an san ɗan wani wuri ne. Wanda ya yi shiru kuwa, da harshen wanda ke riƙe da maɓallai yake tunani. Ɗaliban adabi suna da abin nazari a nan, domin wasan bidiyo ya zo da wani matsayi da littafi da dandamali ba su saba da shi ba, inda mai sauraron labari shi ne kuma tauraronsa. Muna fata masu sha'awa za su ɗora daga inda muka tsaya.